IRI DA TSIRO: Jawabi Kan Makomar Itatuwan Gargajiya A Ƙasar Kajuru Da Kudancin Jihar Kaduna

Wannan jawabi ya shafi wani al'amari ne da ba a cika kula da shi ba, domin kuwa yana faruwa a ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya gani. Al'amarin shi ne tsirowar irin itatuwan gargajiya na ƙasar nan, da yadda sauyin yanayi da ayyukan ɗan Adam suke hana shi tsirowa. An ɗauki ƙasar Kajuru da Kafanchan da sauran kudancin Jihar Kaduna a matsayin misali, amma abin da za a faɗa ya shafi kowane manomi da makiyayi da mai sana'ar itace, tun daga Sakkwato har zuwa Adamawa.

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kaduna ta ratsa Kasuwan Magani da Kufana ta nufi Kachia, zai ga gonaki cike da manyan itatuwan ɗorawa da kaɗanya, ga kuma duwatsun Kajuru a tsaitsaye a bayansu. Mai kallo zai ce ai ƙasar nan ba ta da matsalar itace. To, amma akwai wani lissafi mai sauƙi da ya kamata kowane mai gona ya yi da kansa. Ya shiga gonarsa ya ƙirga manyan itatuwan da ya gada, sa'an nan ya ƙirga ƙanana waɗanda tsawonsu bai wuce na mutum ba. Binciken da masana suka yi a wurare da dama na Afirka ta Yamma ya nuna cewa a gonakin da ake nomawa kowace shekara, tsofaffin itatuwa sun fi ƙanana yawa ƙwarai. Garin da yake da tsofaffi ba yara kuwa, an san makomarsa. Haka lamarin yake ga itatuwa.

ARZIKIN DA KE CIKIN DAJIN KUDANCIN KADUNA

Kudancin Jihar Kaduna yana cikin yankin dajin da masana ke kira dajin doka, saboda yawan itacen doka a cikinsa. Ruwan da ake samu a kewayen birnin Kaduna yakan kai kimanin milimita 1,200 a shekara, yana ƙaruwa in an yi kudu, har ya kai kimanin milimita 1,500 a wajen Kafanchan da gindin duwatsun Kagoro. Damina takan fara a watan Afrilu ta ƙare a watan Oktoba. Wannan ni'ima ce ta sa ake samun kurmi mai duhu a Nindam kusa da Kagoro, irin wanda ba a saba gani ba sai a kudancin Nijeriya.

Ban da doka, akwai ɗorawa da kaɗanya da maɗaci da kawo da maje da ƙirya da madobiya da ɗinya da kanya da taura da tsamiya da giginya, akwai kuma atili a wajen tuddai. Kowanne yana da amfaninsa. Daga kalwar ɗorawa ake yin daddawa, garinta abinci ne, kwasfarta kuma ana jiƙa ta a sami makuba ta gyaran daɓe da bango. Daga ƙwallon kaɗanya mata ke fitar da man kaɗe na girki da shafawa. Ƙirya ita ce gawayin maƙera da turmi mai ƙarko. Ganyen kawo da na madobiya abincin shanu ne da rani, sa'ad da ciyawa ta bushe. Ɓawon maɗaci kuwa sananne ne wajen masu maganin gargajiya. Har wa yau, saiwoyin waɗannan itatuwa su ne ke riƙe ƙasar da ruwa ke bi kafin ya gangara kogin Kaduna da kogin Gurara, wanda madatsarsa ke taimakawa wajen ba birnin Abuja ruwan sha.

Darajar waɗannan itatuwa ta wuce kasuwar ƙauye. Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen samar da ƙwallon kaɗe, har ma a watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyensa zuwa ƙasashen waje na tsawon wata 6, don a riƙa sarrafa shi a gida. Amma masana'antar man kaɗe ba za ta ɗore ba in babu kaɗanya, kaɗanya kuwa takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Ke nan ƙwallon da bai tsiro bana ba, asararsa ba za ta bayyana ba sai 'ya'yan da ake goyo yanzu sun zama magidanta.

YADDA IRI YAKE TSIROWA

Kowace ƙwayar iri tana ɗauke da ɗan tsiro mai rai, tare da guzurin abincinsa, a cikin kwanson da ke kare shi. Kafin ya farka yana bukatar abu uku, watau laima da ɗumi daidai gwargwado da iska. Da farko ƙwayar takan sha ruwa ta kumbura. Daga nan guzurin da ke ciki ya narke, ɗan tsiron ya fara ci. Sai saiwa ta fasa kwanso ta nufi ƙasa, kana daga bisani kan tsiron ya ɓullo sama.

Abin lura a nan shi ne, da zarar saiwa ta fito, babu komawa baya. Busasshiyar ƙwaya tana iya jure zafi da fari na watanni, amma wadda ta riga ta fasa, in ƙasa ta bushe mata na 'yan kwanaki, ta mutu ke nan. Saboda haka kwanakin farko na tsirowa su ne mafi hatsari a duk rayuwar itace, ko da kuwa itacen zai yi shekara 200 a duniya.

A shekarar 1973 wani masani ɗan Birtaniya, E. H. Roberts, ya kasa irin tsirrai gida biyu, kuma har yau da wannan rabo ake aiki. Kashi na farko shi ne iri mai jure bushewa, wanda ake iya shanya shi a ajiye. A cikinsa akwai kalwa da ƙwallon tsamiya da na kuka da irin ƙirya da na kawo. Da yawansu suna da kwanso mai tauri wanda ruwa ba ya shiga da sauƙi, saboda haka sukan kwanta a ƙasa su jira har kwanson ya goge, ko kuwa dabba ta haɗiye su, su bi ta cikinta su fito a cikin kashi. Kashi na biyu shi ne iri marar jure bushewa, babban misalinsa kuwa ƙwallon kaɗanya. Shi wannan yana faɗowa daga uwa da laimarsa, in ya bushe ya mutu, kuma ƙarfin tsirowarsa yakan ragu cikin 'yan makonni kaɗan. Irin maɗaci mai fuka-fuki yana jure bushewa, amma in aka bar shi a ɗaki mai zafi ba ya wuce 'yan watanni.

Kowane itace ya daidaita lokacin zubar da irinsa da lokutan shekara. Kaɗanya tana zubar da 'ya'ya da faɗuwar damina, sa'ad da ƙasa ke da laima. Ɗorawa tana fitar da tutu da rani, kwasfarta ta nuna da bazara, kalwa ta jira ruwa. Kwanson doka yakan bushe ya fashe da ƙara, ya watsa irinsa nesa da gindin uwa. Wannan tsari ya daɗe yana tafiya daidai, muddin ruwa ya zo a kan kari. In lokacin ruwa ya rikice, tsarin ma ya rikice.

ABIN DA YA SAUYA A YANAYI

Masana na duniya sun tabbatar cewa duniya tana ƙara ɗumi, saboda hayaƙin man fetur da kwal da iskar gas da ake ƙonawa, da kuma sare dazuzzuka. Rahoton kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2021 ya nuna cewa zafin duniya ya ƙaru da kimanin digiri 1.1 a ma'aunin santigired, in an gwada da na tsakanin 1850 da 1900. Hukumar Yanayi ta Duniya kuma ta bayyana cewa shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi.

Dattawan Arewa ba su manta da farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984 ba. Wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna cewa a wuraren da aka auna a yankin Sahel, itace 1 cikin 6 ya mutu tsakanin 1954 da 2002, kuma itatuwa masu 'ya'ya da masu son laima su ne suka fi raguwa. Bayan waɗannan shekaru na fari ruwa ya ɗan dawo, amma ya dawo da wani hali dabam. Wani binciken na 2017, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan Adam, ya gano cewa manyan hadura masu ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau 3 a Sahel tun daga 1982. Ambaliyar da aka yi a Nijeriya a 2012 da 2022 da 2024 tana cikin abin da jama'a suka gani da idonsu.

Kudancin Kaduna ba Sahel ba ne, ruwansa ya fi yawa. Amma iri ba ya lissafi da jimlar ruwan shekara. Abin da ya dame shi shi ne ko ƙasar da yake kwance a ciki za ta riƙe laima a makonnin da yake fasa. Ga hanyoyi huɗu da sauyin yanayi ke cutar da shi.

Ta farko ita ce yankewar ruwa bayan ruwan farko. Ruwa ya sauka a watan Afrilu, iri ya sha ya fasa, sai sama ta ɗauke na mako 2 ko 3. Manomi ya san wannan, domin yakan sake shukar masara. To, manomi yana da sauran iri a rumbu, amma kaɗanya ba ta da rumbu, abin da ta zubar a shekarar shi ke nan.

Ta biyu ita ce zafin ƙasa. Yawancin irin itatuwan ƙasashe masu zafi sun fi tsirowa a tsakanin digiri 25 zuwa 35. Amma fuskar ƙasar da babu ciyawa ko ganye a kanta tana iya wuce digiri 50 da tsakar ranar bazara. Irin wannan zafi yana busar da ƙwallon kaɗanya kafin ya kafa saiwa, yana kuma ƙone wuyan ɗan tsiron da ya fito.

Ta uku ita ce ruwa mai ƙarfi. In ruwan mako biyu ya zuba cikin sa'a biyu, sai ya kwashe iri da ƙasar sama daga gangaren tuddai ya zuba a rafi. Wanda ya faɗa a kwari kuwa ruwa ya kwanta a kansa, iska ta ƙare masa, ya ruɓe.

Ta huɗu ta shafi uwar itacen kanta. Itacen da ya sha wahalar fari ko zafi a lokacin fure yakan zubar da furen, ko ya yi 'ya'ya ƙanana marasa ƙwari. Ƙwaya ƙarama guzurinta kaɗan ne, tsironta kuma ba ya saurin kai saiwa inda laima take.

HANNUN ƊAN ADAM

Ba daidai ba ne a ɗora wa yanayi dukan laifi. A wurare da yawa hannun mutum ya fi yanayi ɓarna, in kuma suka haɗu sai abin ya yi muni.

Babbar matsala ita ce ƙunar daji. Tun a 1929 aka fara wani gwaji a gandun dajin Olokemeji, a yammacin Nijeriya, inda aka kasa daji gida uku. Kashi ɗaya ana ƙona shi da farkon rani, ɗaya da ƙarshen rani, ɗaya kuma ba a ƙona shi sam. Bayan shekaru aka ga inda ake ƙonawa da ƙarshen rani itatuwa sun ragu ƙwarai, inda ake ƙonawa da wuri sun tsira, inda ba a ƙonawa kuwa daji ya yi kauri. Dalili shi ne wutar watan Fabrairu da Maris tana samun busasshiyar ciyawa da iskar hunturu, sai ta yi zafin da zai kashe iri da tsiro baki ɗaya. Kaɗanya tana da wata hikima, domin saiwarta takan ja idon tsiron ta binne shi a ƙarƙashin ƙasa, in wuta ta cinye kan sai ya sake tofo. Amma tsiron da ake ƙonewa kowace shekara ba zai taɓa zama itace ba. Gwargwadon yadda rani ke ƙara zafi, haka wuta ke ƙara ƙarfi.

Ta biyu ita ce rashin hutun gona. A da akan noma fili shekaru kaɗan a bar shi ya zama saura, a cikin saurar nan kuwa itatuwa ke tsirowa su yi ƙarfi. Yanzu jama'a sun yi yawa, ana noma fili kowace shekara, garmar shanu da tarakta da maganin feshin ciyawa ba sa bambanta tsiron ɗorawa da ciyawa.

Ta uku ita ce kwashe iri gaba ɗaya. Kalwar da aka dafa don daddawa ba ta tsirowa, haka ƙwallon kaɗen da aka tafasa aka shanya. Muruci ma tsiron giginya ne da aka tone kafin ya fito. Babu laifi a ci moriyar waɗannan, amma in aka tsince duka, kuma aka riƙa zaɓen mafi girma, me aka bar wa ƙasa?

Ta huɗu ita ce sare iyayen iri don katako da gawayi. Madobiya ta sha wannan sara sa'ad da kasuwarta ta buɗe a ƙasar Sin, har aka sa ta cikin jerin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke cikin hatsari, daga farkon 2017. A taron Panama na 2022 aka ƙara kawo da maɗaci na Afirka a wannan jeri. Mai injin yankan katako yakan zaɓi itace mafi tsawo da miƙewa, watau wanda ya fi dacewa ya bar zuriya.

Akwai kuma sassabe rassan kawo da madobiya fiye da kima don dabbobi, wanda ke hana su fure, da awaki da ke cinye tsiro da rani. Haka nan raguwar ƙudan zuma da jemagu asara ce, domin ƙudan zuma ke ɗaukar garin fure tsakanin kaɗanya, jemagu kuma ke yi wa ɗorawa wannan aiki da dare, su ne kuma ke kai ƙwallon kaɗe nesa da uwa. Rashin tsaron da ƙasar Kajuru da maƙwabtanta suka sha fama da shi ya ƙara dagula al'amari, domin wanda ba ya iya kai wa gonarsa ba zai iya renon itacen da ke cikinta ba. Zaman lafiya tsakanin manomi da makiyayi sharaɗi ne na renon daji, tun da dukansu biyu suna cin moriyarsa.

ABIN DA AKA YI DA ABIN DA AKE YI

Aikin gandun daji ya daɗe a Jihar Kaduna. Tun shekarun 1950 ake da gandun Afaka kusa da Kaduna da na Nimbia a ƙasar Jama'a. Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya da ke Ibadan, wadda asalinta ya faro a 1954, tana da tashar bincike a Samaru ta Zariya. Sai dai a waɗancan shekaru an fi ba da ƙarfi ga baƙin itatuwa masu saurin girma, kamar turare da malaina da tik, domin bukatar katako da turakun waya. Dogon yaro ma baƙo ne, a 1928 aka kawo shi Borno. Waɗannan itatuwa sun yi amfani, amma ba a yin daddawa da turare, ba a kuma samun man kaɗe daga malaina.

A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, Nijeriya kuma ta kafa hukumarsa a 2015 don jihohi 11 na bakin hamada. A 2021 aka sa hannu a kan Dokar Sauyin Yanayi ta ƙasa, a shekarar ce kuma Bankin Duniya ya amince da shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, har da Jihar Kaduna. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, watau NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, inda take nuna lokacin da ake sa ran faɗuwar ruwa da wuraren da zai iya yankewa.

A Ingila akwai babban rumbun ajiyar iri na lambun Kew, wanda aka buɗe a 2000, inda ake busar da iri a ajiye shi cikin sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri. Amma ƙwallon kaɗanya ba ya ajiyuwa ta wannan hanya, domin bushewa ke kashe shi. Ma'ajiyarsa ita ce itacen da ke tsaye a gona. Ke nan manomin Kajuru da matarsa mai tsintar kaɗe suna riƙe da amanar da babu wani ɗakin bincike da zai iya riƙe ta a madadinsu.

Akwai darasi babba daga maƙwabta. A ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, tun daga 1983, manoma suka rungumi dabarar da suke kira sassaben zamani. Maimakon a share duk tofon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi mai ƙarfi a bar shi, a rage sauran. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram, mai ɗauke da itatuwa wajen miliyan 200. In an yi haka a ƙasar da ruwanta bai kai rabin na Kafanchan ba, to, ina ga kudancin Kaduna, inda doka da maje ke tofo daga saiwa da kansu?

ABIN DA AKE BUKATA DAGA JAMA'A

Na farko, a zaɓi iyayen iri a kiyaye su. Kowane ƙauye ya san ɗorawar da ta fi gari da kaɗanyar da ta fi mai. A hana sare su, a cire musu kauci. In za a tara iri, a tara daga itatuwa da yawa, kamar 25 ko 30 waɗanda ke nesa da juna, don kada zuriyar ta zama ta uwa ɗaya. Gwajin da aka yi da ƙirya a Jamhuriyar Nijar ya nuna cewa irin da aka ɗebo daga wurare masu ƙarancin ruwa ya fi girma da jure wuya, saboda haka yana da kyau a haɗa da kaɗan daga irin arewacin jiha, bisa shawarar malaman daji.

Na biyu, a san halin kowane iri. Ƙwallon kaɗanya a ɗauki wanda ya faɗo da kansa, a cire naman, a shuka shi cikin mako guda, a zurfin kimanin santimita 5, a wurin da ake so itacen ya zauna, domin saiwarsa ba ta son a tumɓuke ta. A kafa alama a yi haƙuri, saboda saiwa ke fara tafiya, kan tsiron yana iya yin watanni kafin ya bayyana. Kalwa da irin ƙirya da kawo da tsamiya da kuka, a ɗan kankare gefen kwanson da wuƙa ko a goga a dutse, ba ta wajen idon ba, a jiƙa kwana ɗaya a ruwan sanyi kafin shuka. Irin maɗaci a tara shi sa'ad da ƙwallon ya fara buɗewa, a shuka da wuri, a rufe da ƙasa kaɗan, yakan fito cikin mako 2 ko 3.

Na uku, a gyara ajiya. Irin da ke jure bushewa a shanya shi a inuwa, a gauraya da toka saboda ƙwari, a zuba a gora ko tulu ko kwalba, a toshe baki, a ajiye a wuri mai sanyi, ba a ƙarƙashin rufin kwano ba. Kafin damina a gwada shi: a ƙirga ƙwaya 100, a sa a jiƙaƙƙen yashi, a ga nawa za su fito. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu, kada a yi gaggawar shuka ko dashe da ruwan farko. A saurari hasashen damina a rediyo, a jira har ruwa ya zauna ƙasa ta jiƙu sosai. A haƙa rami mai faɗi, a sa taki, a yi masa ɗan kwari da zai tare ruwa, a rufe gindin da busasshiyar ciyawa don rage zafin ƙasa, a bar tazara kaɗan tsakaninta da karan tsiron saboda gara. A kan gangare a jera duwatsu a gicciye don tare ƙasa da iri. Masu renon dashe a leda su yi rumfa, amma su riƙa rage inuwa da ban ruwa makonni kaɗan kafin dashe, don tsiron ya saba da wuya.

Na biyar, a kare abin da ya fito da kansa. Tsiron da Allah ya fitar a gona ya riga ya tsallake mafi hatsarin matakai, saiwarsa kuma ta yi nisa. A kewaye shi da ƙaya, a kauce masa da garma da feshi, a share ciyawar da ke kewaye da shi kafin rani. Inda ƙuna ta zama dole, a yi ta da farkon rani, da sanyin safiya ko maraice, da sanin mai unguwa da malamin daji. Sa wa daji wuta don farautar gafiya da zomo asara ce da ba ta da riba.

Na shida, masu tsintar kaɗe da masu ɗiban ɗorawa su ware kaso daga mafi kyawun abin da suka samu, su mai da shi ƙasa. Masu noman muruci su bar wasu su zama giginya. Sarakuna da hakimai da dagatai, da shugabannin addinai, da ƙungiyoyin mata da na makiyaya, su taimaka wajen farfaɗo da dokokin gargajiya da suka hana sare itace mai 'ya'ya da kaɗe ɗorawa kafin ta nuna. Makarantu kuma su kafa lambunan renon itatuwan gida, yara su san sunan kowanne da irinsa, da Hausa da Adara da sauran harsunan yankin.

KAMMALAWA

Jama'a, ɗorawar da ake shan inuwarta yau a Kufana ko Kagoro, wani ne ya kauce mata da fartanya shekaru da dama da suka wuce, bai kuwa san wanda zai ci moriyarta ba. A zamaninsa ruwa da saura da jemage suna yin yawancin aikin, shi nasa kaucewa ne kawai. Yanzu ruwa ya sauya hali, saura ta ƙare, saboda haka aikin ya dawo hannun mutane. Ana kira ga kowane magidanci ya yi lissafin da aka ambata tun farko, in ya ga ƙananan itatuwan gonarsa ba su kai manya yawa ba, ya nemi malamin daji ko malamin gona na ƙaramar hukumarsa kafin damina mai zuwa, ya shuka, ya kuma reni wanda ya fito. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma in kowane gida ya reni itace 5 har suka fi ƙarfin akuya da wuta, jikoki za su sami daddawa da man kaɗe da inuwa kamar yadda kakanni suka bar wa na yanzu.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da ƙasa lafiya.